Rinar da Ta Tare a Bangon Rayna

Rayna Gocheva ba ta cika shekara sha bakwai ba ta sauko daga ƙauyensu na kan dutse, da akwatin kwali ɗaure da igiya, ta kama aiki a masaƙar garinmu. A wancan zamanin, duk faɗin wannan yanki na Bulgariya, in ka ga bargon ulu mai kauri a kan gadon amarya, to daga nan ya fito. Ranar farko da aka buɗe mata ƙofar zauren saƙa, ƙarar injuna ta doke ta a ƙirji har ta ja da baya ta taka ƙafar matar da ta rako ta. Matar ta yi dariya, ta kai baki kunnenta ta ce, "Yau ne kawai kike jin su, 'yar ƙauye. Nan gaba sai an kashe su za ki san suna ƙara."

Haka kuwa aka yi. Kafin a je ko'ina ƙarar ta zame mata kamar numfashinta. Ta koyi abin da duk matan zauren suka iya, wato karanta magana a leɓe, har a yi gulmar shugaban sashe daga wannan bango zuwa wancan, yana tsaye a tsakiya bai san wainar da ake toyawa ba. Ta haka ma Strahil, makanikin da ke yawo tsakanin injuna da gwangwanin mai a hannu, ya nemi aurenta. Ya tsaya a gaban injinta ya motsa baki. Ta gane sarai, amma ta ɗaga kafaɗa ta nuna kunne. Ya sake, ta sake nuna kunne. Sai ya cika ƙirji ya kwarma maganar da iya ƙarfinsa, daidai lokacin da wuta ta ɗauke, injuna suka yi tsit, zaure kaf ya ji shi. Har ya koma ga Allah matan ba su daina tsokanarsa da wannan ba.

Masaƙa ta ba su ɗaki biyu da kicin a hawa na shida na benenmu, a bakin gari, inda baranda ke kallon dutse. Nan suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, Zlatka. Nan Rayna ta yi ta dawowa daga aiki shekara talatin da ɗoriya, gashinta cike da ƙurar ulu, ta miƙe a doguwar kujerar da ke jikin bangon kicin, kunnuwanta na ci gaba da gunji, ta nitse a barci kamar dutsen da aka jefa rijiya.

Sai zamani ya juya. Masaƙa ta yi ta rage ma'aikata, daga baya aka rufe ta ɗungurungum. Ranar da aka kashe injin ƙarshe matan suka tsaya cirko-cirko, sai ga kukan tsuntsaye daga cikin rufin zauren. Ashe shekara da shekaru suna nan da sheƙunansu, ba wadda ta taɓa jin su. Bayan 'yan shekaru ciwon zuciya ya ɗauke Strahil yana durƙushe yana gyaran famfo. Zlatka ta tafi Sifaniya aikin otal, ta yi aure a can. Aka bar Rayna daga ita sai shiru.

Shirun nan shi ya hana ta sakat. Ba ta kai ƙara wurin kowa ba, don me za ta ce? Tana cin abincinta, tana zuwa coci ranar Lahadi, tana saƙa wa jikokinta safar ulu, su da ba su san sanyi ba. Amma barci ya zame mata baƙo. Ta gwada rediyo, ta ga surutu ne, kunne sai ya bi magana. Ta gwada jingina da firji, shi kuma ya yi ɗan gunji ya ɗauke, ya bar ta ido biyu tana jiran ya sake tashi.

Wani hunturu Zlatka ta zo ganin gida, ta tarar da uwar a kicin cikin kwat da hular ulu, bango na tsattsafo da danshi. "Mama, a nan kike rayuwa? Ai gara mutum ya shiga firji ya rufe!" Kafin ta koma sai da ta nemo Lacho, mutumin da ke saukowa daga saman benaye da igiya yana yi wa bango rigar sanyi. Allunan farin soso ne mai tauri marar nauyi, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a cikin kwali. A manna su a bango ta waje, a shafe da siririn siminti, a yi fenti. Kowa nasa bangon yake yi wa in ya samu hali, shi ya sa benenmu ya koma kamar tsohon zane mai faci: nan ruwan ƙwai, nan ruwan hoda, nan siminti tsirara. Na Rayna ruwan ƙwai aka yi masa. Na ƙasa da ita kuwa ya ƙi. Dobri ke nan, tsohon direban bas, mai tumbi da murya kamar har yanzu fasinja yake kira, wanda ya cika barandarsa da tumatir a bokitan fenti. "Bangon da na sani tsirara tun ina saurayi, yau da furfurata zan ɗinka masa riga?" in ji shi. Saboda haka rigar bangon Rayna ta tsaya daidai saman tagar Dobri, bakinta na kallon ƙasa.

Rigar ta yi aikinta, kicin ya yi ɗumi. Sai dai ta tare har ɗan motsin da ke shigowa daga titi, shirun ya ƙara kauri.

Wata bazara da rana tsaka, Rayna ta gama shan kindirmo da kokwamba mai sanyi, ta miƙe a kujerar kicin don ta hutar da ƙafa. Ta jingina kai da bango, sai ta ji shi. Da farko ta ɗauka kunnenta ne ya tuno tsohon aikinsa. Wani gunji ne siriri, a miƙe, ba hawa ba sauka, daga can cikin bango, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana taje ulu. Ta ɗaga kai, ya ɓace. Ta mayar, ya dawo. Ta ce bari ta ƙara saurarawa kaɗan ko ta gane mene ne.

Ko da ta buɗe ido, rana ta bar kicin ta koma kan dutse. Ta zauna a bakin kujera tana duban ƙafafunta kamar na aro. Rabonta da barci irin wannan tun Strahil na da rai.

Daga ranar abin ya zame mata al'ada. Da ta ci abincin rana sai ta ja labule rabi, ta cire silifa, ta kai kunne bango. Gunjin kuwa kullum ƙara cika yake, kamar zauren da ake ta ƙara wa injuna. Kafin ta juya sau ɗaya ta samu kanta a can. Rana na saukowa ta manyan tagogin sama, ƙurar ulu na tsaye a cikin hasken, ba ta sauka ba ta tashi. Matan na nan, kowace a bakin injinta, har waɗanda ta raka makabarta, duk da ɗankwalayensu da ƙuruciyarsu. Wani lokaci bargon da take saƙawa ya yi ta fitowa, ya zubo ƙasa, ya bi ta ƙofa, ya hau titi, ya lulluɓe gari har gindin dutse, ba mai cewa a tsaya. Wani lokaci Strahil ya taho daga ƙarshen layi da gwangwaninsa, ya tsaya ɗan nesa yana motsa baki. Ita da ba maganar da ke kuɓuce mata a leɓe, wannan ta kasa kama ta. Bai dame ta ba. Takan ce a ranta, gobe ma rana ce, zai sake faɗa.

Ta san ba aljanu ne a bangon ba. 'Yar ƙauye ce, ta ga masu ɗamarar rawaya da baƙi suna shawagi a ƙasan barandarta, ta san rina ce. Wata yamma tana shan iska a taga, sai ta ga wasu fararen ƙwayoyi ƙanana kamar gero suna tasowa daga ƙasa. Iskar da ke hawa jikin bango mai zafi ce ke ɗauko su, su wuce ta gaban fuskarta a hankali, su juya a cikin hasken yamma, su tafi abinsu. Ta miƙa hannu, ɗaya ta sauka a tafinta. Ba sanyi, ba ta kuma narke ba. Rinar ce ke gutsurar soson tana fitarwa don ta faɗaɗa gidanta.

"Masaƙiya!" aka ƙwala kira daga ƙasa. "Ke masaƙiya! Leƙo ki ga abin da bangonki ke yi mini!"

Ta leƙa. Dobri ne a barandarsa cikin singileti, fararen ƙwayoyin sun rufe ganyen tumatirinsa, sun hau har kan sanƙonsa.

"Dusar ƙanƙara a tsakiyar zafi, direba? Ka gode wa Allah. Wasu sai sun hau dutse suke ganinta."

"Au, wasa ma kika mai da abin? Dubi nan!" Ya juyo mata kunnensa. Ya kumbura ya yi jawur, ba ka raba shi da tumatirin da ke bayansa. "Ina zaune ina shan kankanata, ban taɓa kowa ba, ban zagi uban kowa ba. Ta nan suke shiga, ga ramin nan a bakin rigar taki, saman tagata. Kamar tasha ranar kasuwa, wannan na shiga wannan na fita. Ki kira mai igiyar nan ya zo ya kwashe tsiyarsa."

"Zan kira shi."

"Yaushe?"

"Gobe."

Goben ta yi ta haihuwar wata goben. Da abin ya ishe su, Nedyalka matar Dobri ta hau da kanta, da farantin gurasa mai cuku a hannu don kada a ce faɗa ta zo. Gajeriyar mace ce mai saurin baki, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da kan sarki a gidan waya. Ta zauna, aka zuba kofi.

"Rayna, tsakani da Allah, rabonmu da buɗe taga har na manta. Mutumin nan ya zame mini ƙaya, yini yake a ɗaki yana bin ƙuda da silifa yana zagin gwamnati. In lambar Lacho ce ta ɓace miki, ina da ita."

"Ba ta ɓace ba." Rayna ta juya kofinta a kan faranti. "Ku yi mini haƙuri zuwa sanyin farko. Da ya sauka da kansu za su mutu, haka suke yi a rufin rumbunmu a ƙauye. Sai a zo a toshe, ba wanda ya ji ciwo."

"Sanyin farko? 'Yar'uwa, yanzu fa muka shiga Agusta." Nedyalka ta ƙura mata ido. "Ke dai akwai wani abu. Faɗa mini."

Rayna ta tashi ta kama hannunta, ta zaunar da ita a kujerar jikin bango, ta kwantar mata da kai. Nedyalka ta saurara, sai ta zabura.

"Wayyo Allah! A jikin wannan abin kike kwanciya?"

"Suna sa ni barci," in ji Rayna a hankali. "Kamar zaure."

Nedyalka ta dube ta. A gidan waya ba abin da ke ƙara sai hatimi, ba ta san me ake nufi ba. Amma ta ga fuskar maƙwabciyarta ta ciko, idon nan da ya daɗe a zurme ya washe. Ta ɗauki farantinta ta sauka. Da ta gaya wa mijin, sai da ya ajiye cokali. "Yau na ga ikon Allah. Wasu na kiwon kyanwa, wasu na kiwon aku, ita rina ta ɗauka aikin reno? To ni dai ba na cikin mafarkin kowa."

Bai yi shawara da kowa ba. Wata rana da sassafe, kafin rinar ta fara fita, ya naɗe fuska da labule mai raga, ya sa tsohuwar safar hannunsa ta tuƙi, ya hau kujera a baranda. Ya cusa tsumma a ramin, ya bi da kwaɓaɓɓen siminti ya shafe tas. Ya sauko yana haki ya ce wa matarsa, "An rufe tasha. Kada ki gaya mata, ta ɗauka ƙaura suka yi."

Tun ranar Rayna ta ji canji. Gunjin ya yi tsini, ya daina tafiya a miƙe, ya koma irin kukan da inji ke yi in zare na shirin tsinkewa. Ƙas-ƙas ɗin kuma ya bar ƙasa ya fara hawowa. Ta yi mamaki, amma ba ta fasa kwanciyarta ba. A saman kujerar nan akwai tsohon ramin bututun murhu, tun zamanin da ake ƙona itace a kicin. Strahil ya rufe shi da kwali, ya liƙa takardar ado a kai, kowa ya manta da shi. Rina kuwa an toshe mata ƙofa, ta shiga neman wata.

Ranar da abin ya faru Rayna na zaure a mafarki, Strahil ya matso kusa fiye da kullum, har tana jin warin man inji a rigarsa. Ta buɗe ido, sai ta ga kamar mafarkin bai ƙare ba. Rana ta ratso ta rabin labule, a cikin hasken wasu abubuwa masu ruwan zinariya na yawo sannu-sannu, suna hawa suna sauka, gunjin ya fito daga bango ya cika ɗakin. Ta ci gaba da kwanciya tana kallo. Ta ce a ranta, ƙurar ulu ta yi girma bana. Sai ɗaya ta sauka a bayan hannunta, ta yi 'yar tafiya a kan jijiya da ƙafafunta masu ƙaiƙayi, ta tsaya tana goge fuska. Nan ne Rayna ta farka sosai.

Sun rufe gilashin taga, sun yi baƙi a bakin kwalbar zuma, suna ta ɓulɓulowa daga wani ɗan rami a takardar bango, bai fi taƙi biyu daga kanta ba. Ba ta yi ihu ba. Ta jira ta hannun nata ta tashi, sannan ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta miƙe kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. Ta ratsa kicin ɗinta, suna gogar kumatunta, suna sauka a gashinta suna tashi. Abin mamaki, a lokacin ba tsoro ta ji ba. Ji ta yi kamar tana tafiya a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi. Har ta kai ƙofa lafiya. Da ta kama mariƙin ƙofar ne ta damƙe wadda ke laɓe a bayansa.

Zafin ya tsarga mata har kafaɗa. Ta yarfa hannu, yarfawar ta jawo sauran. Kafin ta fita ta ja ƙofa sun same ta a wuya da damtse da bayan hannu. Ta sauka matakala ba takalmi, ta buga ƙofar maƙwabta da gwiwar hannu.

Nedyalka ta buɗe, ta dube ta, ta juya ta dubi mijinta. Dobri na tsaye da yankan kankana, ya yi wuƙi-wuƙi da ido.

"Toshewa na yi," ya ce, alhali ba wanda ya tambaye shi. "Wallahi na ɗauka mutuwa za su yi a ciki."

"Toshe bakinka ma haka, ka ɗauko mini albasa!" in ji matar.

Aka yanka albasa aka ɗora, aka kawo ƙanƙara. Hannun dama ya ci gaba da hawa, yatsu suka yi suntum, zoben aurenta ya fara nitsewa cikin nama. Dobri ya ruga ya ɗauko filaya. "A yanke shi kafin ya yanke yatsan."

Rayna ta ɓoye hannun a ƙirji. "Ajiye abin nan, direba, ɓarnar da ka yi ta isa. Nedyalka, ba ni zare mai ƙarfi da sabulu."

Ta sa aka zura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben, aka naɗe yatsan da sauran tam-tam har ya wuce gaɓa, sannan ta ce a riƙa warwarewa ta baya. Zoben ya biyo zaren sannu a hankali yana juyi, har ya faɗo a cinyarta. Inda ya tashi fatar ta yi fari siririya, ba ta ga rana ba tun ranar aure. A nan ne hawaye suka zo mata, ba a kan harbin ba. Dobri ya ce bari ya nemo makullin mota, ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Shi ya kai ta asibiti, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Aka yi mata allura, aka ce ta auna arziki.

A gidansu ta sauka, tunda kicin ɗinta ya zama na masu shi. Barci dai sai sama-sama, don minsharin Dobri ba irin na injin saƙa ba ne, tsohuwar bas ce ke hawan tudu tana mutuwa tana tashi. Zlatka ta kira daga Sifaniya tana kuka tana faɗa. "Mama, duk bazarar nan kina kwana da rina ba ki gaya mini ba?"

"Ba kwana muke ba, 'yata. Ƙailula ce kawai."

Lacho ya zo da sanyin safiya, lokacin da rina ke gida jikinta bai saki ba. Siririn mutum ne mai furfura a gemu, magana ba ta dame shi ba. Rayna na bayan gilashin tagar Dobri ta ga igiya ta zubo daga sama, sannan takalma, sannan mutum cikin fararen kaya da raga a fuska, yana lilo a hankali tsakanin sama da ƙasa, dutse a bayansa ya yi shuɗi. Ya huda rigar bangon, ya zura bakin bututu, ya fesa magani. Gunjin ya tashi har tana jin gilashi na rawa a goshinta. Ya yi sama, ya ƙara yin sama, sannan ya fara karyewa, nan ya ɗauke, can ya ɗauke, kamar ana bin layi ana kashe injuna. Ta bar tagar ta je ta zauna.

Da hantsi ya yanke allon. Gidan rinar da ke ciki ya kai faɗin tebur, hawa-hawa, sun cinye soson sun bar fatar siminti kawai. Da ya gama ya share kicin, ya toshe ramin murhu da bulo, ya sauko ya miƙa mata wani ɓangaren gidan a kan jarida.

"Goggo, an ce kin san saƙa. Na ce ko za ki so ki gani kafin in zubar."

Ta karɓa da hannun hagu. Ba shi da nauyin komai. Takarda ce mai launin toka, layi-layi, wani ya ɗan yi haske, wani ya yi ƙasa-ƙasa, kowanne ya kwanta a kan ɗan'uwansa kamar ɓawon kifi. Ta shafa da babban yatsa, ta ɗaga wa haske, ta nemi inda aka yi kuskure yadda take duba bargo a da. Ba ta samu ba.

"Da me suke yi?"

"Itace. Su kankaro tsohon katako su tauna. Wannan toka-tokan ina jin bencin ƙofar benenku ne."

"Da an bar su, da sanyi ya kashe su, ko?"

"Da ya kashe. Amma Goggo, da sun riga sanyi shigowa ɗakinki, ko an toshe ko ba a toshe ba. Saura ƙiris ne." Dobri ya ɗago kai da sauri kamar wanda alƙali ya yi wa sassauci. Lacho bai ko dube shi ba. "Sai dai toshewar ta sa sun shigo da fushi."

Dobri ya mai da kai ƙasa. Rayna ta miƙa wa Lacho abinsa. "Tafi da shi, ɗana. Na gani."

Ta koma gidanta. Kicin na warin magani da sabon siminti, bango ya koma bango. Lacho ya sa sabon allo ya rufe bakin rigar da kyau, sai dai fentin da ya rage masa kore ne, ya bar mata koren faci a tsakiyar ruwan ƙwai. Zoben ya koma yatsa bayan kumburi ya saɓe. Mafarkin zaure kuwa bai sake zuwa ba, abin da Strahil ke son faɗa ya tafi da shi. Da rana tsaka takan tsaya ta dubi kujerar nan, sai ta ɗauki saƙar safarta ta sauka ƙasa, inda dattawan benen ke zama a inuwa. A da ba ta cika zama cikinsu ba.

Da Satumba ta kama, bayan bene ya cika da buhunan tattasai. Kowa ya fito da murhun ƙarfensa, ana gasawa ana ɓarewa ana niƙawa da tumatir, a dafa a babbar tukunya a ɗura a kwalabe saboda hunturu. Hayaƙi mai zaƙi ya kwanta tsakanin bishiyoyi ya ƙi tashi. Rayna na zaune tana ɓare nata, sai ga Dobri da bokiti biyu cike da tumatir, ya dire a gabanta yana kallon wani wuri.

"Waɗannan fa, direba?"

"Yawa suka yi mini."

"Ƙarya yake," in ji Nedyalka. "Ni da nake matarsa, in na tsinki ɗaya sai an yi shari'a. Kaf ya kwashe barandar, ko na miya bai bar mini ba."

"Ke dai ba a sirri da ke." Ya ɗauki muciya ya tsaya a kan tukunyar Rayna, ya yi ta juyawa har gumi ya jiƙe singiletinsa, bai bar kowa ya karɓe shi ba.

Can da la'asar, da miyar ta yi kauri ta fara tsalle, wata rina ta biyo ƙamshi ta sauka a bakin tukunyar. Dobri ya ƙame da muciya a hannu.

"Masaƙiya," ya ce ƙasa-ƙasa, "ga 'yar gidanki ta zo gaisuwa."

Rayna ta leƙa ta dube ta da kyau. Sai ta zaro tsumman da ke kafaɗarta ta maka mata, ta faɗi a ciyawa.

"Ban san ta ba. Wannan ta wancan benen ce."

Nedyalka ta yi dariya har da riƙe ciki, matan sauran tukwane suka juyo suna tambaya me aka ce, aka maimaita musu, dariya ta zagaya bayan benen. Aka ɗura kwalabe aka jera su a kan benci. Su uku suka zauna suna jiran su huce, hannuwansu sun yi ja har wuyan hannu. Lokaci-lokaci wani murfi ya ce ƙas ya kama. Rana ta zame bayan dutse, tagogin sama suka riƙe ɗan haskenta kaɗan suka saki. Nedyalka ta ce gobe nata tattasan za a yi, kada wanda ya zo mata da zancen ciwon baya.